Ma'abota Maƙogwaro a Birnin Kudu da Gwaram

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutu. Yana aji biyu a ƙaramar sakandare, ya dawo gida da aikin Turanci: a kawo kalmomi biyar masu ma'anar ɗaga murya. Ya samo uku ya cije, ya zauna a bakin rijiya yana tauna murfin biro. Ya ce, "Kawu, agaza mini da biyu." Kafin in buɗe baki akuyar maƙwabta ta faɗo gidan ta cusa kai cikin ƙwaryar gero, sai kakarsa ta amsa tambayar ba tare da ta san an yi ta ba. Da fari ta kurma ihu. Ta daka wa akuya tsawa. Ta juyo kan jikan nata ta zazzage masa masifa, wai an yi hotihon miji, yana zaune kamar an dasa shi. Ta leƙa ta kan katanga ta yi wa masu akuya bambami. Da ba wanda ya tanka, ta dawo tsakar gida tana ɓaɓatu ita kaɗai, ɓaɓatun ya sauka ya koma mita, mitar ta lafa ta zama ƙunƙuni, sannan ta rufe taro da tsaki guda mai tsawon igiyar guga. Takwas ke nan, kuma ko minti goma ba a yi ba. Na ce wa yaron, da da Hausa aka ba ka aikin nan, da ka ci har da gyara.

Mu mutane ne masu alfahari da kunya da kawaici. Ka tambayi kowane dattijo daga Kangire har Basirka, zai ce maka Bahaushe ba ya ɗaga murya. Zai faɗa maka haka ne da muryar da za a ji a ƙetaren titi. Harshen kansa ya tona mana asiri, don mutane ba sa tara sunaye ga abin da ba su da shi. Bargery, Baturen da ya fitar da ƙamusunsa a 1934, ya jera kalmomi sama da 300 a ƙarƙashin "ƙato" kaɗai. Da ya yi mako guda a tashar motar Birnin Kudu, da ya buɗe wa maƙogwaro nasa babin: ihu, kururuwa, kuwwa, ƙaraji, hargagi, hargowa, hayagaga, kwakwazo, kwarmato, sababi, kumfar baki. Ɗan makaranta zai ɗauka duk abu ɗaya ne aka sauya wa riga. A'a. Kowace kalma da mai ita, kuma mai itan yana nan da ransa, na san ƙofar gidansa.

Ba kuma yau muka fara ba. A 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya zo garin nan saboda zanen shanun da ke jikin duwatsunmu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ya tarar da ƙarin abin mamaki: duwatsun da in ka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai su amsa kamar ƙararrawa, jikinsu duk gurabun da dukan shekaru aru-aru ya bari. Shekara ta zagayo ya buga labarin a Ingila, masana suka bazama neman irinsu a wasu ƙasashe. Ni dai abin da na fahimta shi ne, kakanninmu sun yi ihu har murya ta gaza, sai suka koma dukan dutse. Lasifikar farko ke nan a ƙasar nan.

Sarkin ma'abota maƙogwaro, ba gardama, ɗan kamasho ne. Shi ihu sana'arsa ce, da shi yake ci da iyali, don haka ba ya wasa da shi. Tun assalatu yake farawa: "Kano! Kano ɗaya! Kano saura mutum ɗaya!" Ya hango ki da jaka tun daga bakin titi, ya taho a guje: "Hajiya, taho, ke kaɗai muke jira." Ki shiga ki tarar da mutum huɗu sun hakimce kamar matafiyan gaske. Fasinja na zuwa, ɗaya daga cikinsu na zamewa, wai zai je ya kama ruwa. Sai hantsi ya dubi ludayi za ki gane ke ce mutum ta farko a motar, waɗancan 'yan tasha ne aka jera don ado. Shi kuwa yana nan yana rantsuwa saura mutum ɗaya. A lissafin ɗan kamasho, daga kujera ɗaya har goma sha takwas duk sunansu ɗaya.

Muryarsa ta daɗe da dushewa, in yana magana kamar ana jan langa-langa a kan tsakuwa, kuma maɓallin rage ta ya lalace tun yana yaron mota. Kana tsaye hancinka na gogar nasa, zai gaishe ka kamar kana Kwanar Babaldu. Na taɓa zama kusa da wani a wajen zaman makoki, ya sunkuyo zai raɗa mini cewa a matsa a ba liman wuri. Liman ya ji, masu gaisuwa suka ji, mata a cikin gida suka matsa.

Maƙwabcinsa a sana'a mai maganin gargajiya ne, wanda za ka tarar ranar kasuwar Sara ya ɗaure amsa-kuwwa a saman tsohuwar mota. Garinsa guda ne a ƙulle cikin leda, amma yana maganin basir mai tsiro da marar tsiro, da shawara, da sanyin ƙashi, da taifot, da wasu cututtukan da yake zayyanawa dalla-dalla, gaɓa-gaɓa, yadda in tsautsayi ya sa ka biyo ta wurin tare da surukinka sai kowa ya shiga duban takalminsa. Wannan ma yanzu ya huta. Ya naɗi muryarsa a memori, ya kunna, ya shimfiɗa tabarma a inuwa. Mota na ihu, mai ihu na minshari.

Sai wanda zamani ya haifa mana. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 ake ƙoƙarin fahimtar da Baba cewa na'urar ce ke kai muryar, ba shi ba, har yau bai yarda ba. Ya lissafa da kansa cewa Legas, inda ɗansa yake ci-rani, ta fi kilomita 1,000, saboda haka dole a taimaka wa waya. Yana da muryar Dutse, yana da muryar Kano, yana da ta Legas, in kuwa alhaji ne ya kira daga Makka sai ya miƙe tsaye ya hau tudu. "Alo! Alo! Wa ke magana? Ni ne! Kana ji na? Yauwa! To ka saurara, maganar nan sirri ce, kada kowa ya ji! Na sayar da san nan! Kuɗin suna ƙarƙashin katifa!" Ya kashe waya ya dubi majalisa da fuskar wanda ya iya riƙe amana. Gobe in masu neman rance suka yi layi a zaurensa, sai ya kwana yana tunanin wane munafuki ne ya kai labari. Wannan shi ne kwarmato na rashin sani. Akwai na ganganci, na matar da za ta tsaya a bakin famfo ta ce, "Ni dai ba ruwana, ba a bakina za a ji cewa auren gidan wane ya mutu ba," alhali tulu goma sha biyu ne a layi.

Ihu na ainihi fa abu ne mai daraja, kada raha ta sa mu manta. Yana da doka. In aka ce "Gobara!" ko "Ɓarawo!" ko "Wayyo Allah, jama'a ku kawo ɗauki!" babu mai tambayar jam'iyyarka ko aƙidarka, kowa fitowa yake da abin da hannunsa ya kai. A ƙarni na 19, lokacin da Ningawa suke kawo hari kudancin ƙasar Kano, garuruwanmu ne a bakin iyaka, kururuwar mutum ɗaya daga gona tana iya tserar da ƙauye guda. Wanda ya ɓata wa ihu suna shi ne mai kwakwazo. Ƙadangare ya faɗo masa a kafaɗa, unguwa ta fito da taɓare. Za a yi masa allura, tun ma'aikaciya na ɓare leda ya fara kalmar shahada yana barin wasiyya. Ƙato ne fa, mai 'ya'ya bakwai, yaran da aka kawo rigakafi suna leƙensa suna mamaki.

Daga zamanin hare-hare muka gaji karin maganar nan ta ihu bayan hari, muka kuma gaji mai yin sa. Shi ba ya fitowa sai ƙura ta lafa. An kashe gobara, an kama ɓarawo an miƙa wa 'yan sintiri, mutane sun fara komawa barci, sai ga shi da gora a hannu yana huci: "Ina yake? Ina ɗan banzan yake? Kash! Da na riske shi!" Gidansa ne na biyu daga inda abin ya faru. Matarsa ta ce tun ihun farko ya farka, neman gorar ce ta ɗauke shi awa guda.

Ɗan'uwansa na jini shi ne mai hargagi, kuma a duk jerin nan babu wanda nake jin daɗin kallo kamarsa, don shi cikakken ɗan wasan kwaikwayo ne. An taka masa ƙafa a layin awo, ko an goge masa babur. Zai cire hula ya miƙa wa yaro. Ya naɗe hannun riga, a hankali, ninki-ninki, yana waige. Abin da yake nema da idon nan shi ne masu rabo. Sai ya tabbatar mutum biyu sun kama shi ta kowane gefe sannan wuta take kamawa: "Ku sake ni! Wallahi ku sake ni! Yau sai ya ga abin da ya ture wa Buzu naɗi! Ka san ko ni wane ne? A tambaye ka a garin nan!" Jijiyar wuya ta miƙe, kumfa ta taru a gefen baki, yana fizga, amma fizgar mai hankali ce, ba ta kai ta ƙwace ba. Wata rana a gabana masu riƙon suka gaji, suka haɗa ido, suka sake shi lokaci guda. Wuri ya yi tsit. Abokin faɗan, wani siririn bawan Allah da bai ce uffan ba tun farko, yana tsaye yana jira. Gwanin naka ya yi taku ɗaya, ya tsaya, ya sunkuya yana gyara maɗaurin takalmin da ba shi da maɗauri. Ya ɗago ya ce, "Albarkacin dattawan nan ka ci." Ya karɓi hularsa. Holoƙo ke nan, hadarin kaka, ga iska ga ƙura, ko ɗigo babu.

A cikin gida kuma akwai mai tsawa. Kalmar da muke kiran rugugin sama da ita muka ba shi, shi ma ya ɗauki abin da gaske. Gyaran muryarsa daga zaure ya isa ya sa yara su watse, rediyo ta mutu, kyanwa ta haura katanga. "Wa ya taɓa mini buta?" Kai ka ce Sarkin Yaƙi ne ya dawo daga fagen fama. Ka bi shi sakatariya ranar da albashi ya makara, ka ji yadda yake cewa "yallaɓai" da 'yar murya kamar amarya a daren farko. Uwargidansa ma ba baya ba ce wajen ƙwala kira, tana iya kiran yaro daga Sabon Gari ya amsa a bakin kasuwa, sai dai tana da matsala guda: ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Haka za ta tsaya a ƙofar gida ta cika unguwa da "Kai! Kai wannan! Kai yaron nan, ba da kai nake ba?" Yara goma sha biyar su waiwayo, ban da shi. Kunya ta hana ta suna, ba ta hana ta ƙara ba.

Duk waɗannan masu ƙarfin murya ne, kuma ƙarfi yana ƙarewa. Mai mita ba ta dogara da ƙarfi ba, ta dogara da naci. Sunan ma ya yi daidai da na akwatin nan da ake kafa mana a bango don auna wuta, sai dai mitar lantarki in an ɗauke wuta tsayawa take yi, wannan kuwa ba ta buƙatar kati, ba ta san layi ya faɗi ba. Muryarta ba ta hawa ba ta sauka, kamar yayyafin Agusta, wanda ba ya kai ka gudu amma sai ya jiƙa ka har ƙashi. Tana tankaɗe tana yi, tana tuƙi tana yi, ta sallame salla ta ɗora daga inda ta tsaya. Ga ta da ajiya. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, kuma na san wani kwanon sha da aka ara a makon nan ba a mayar ba. Jihar ta yi gwamnoni na soja da na farar hula, wadda ta ari kwanon ta yi jikoki, amma duk sallar layya sai maganarsa ta fito, da launinsa, da inda ya ɗan lotsa.

Kada maza su yi dariya da yawa. Mitar namiji ta fi ta mace ɗaci, don shi ba ya yarda mita yake yi, sunanta a wurinsa "gyara". Wa ya bar fitila a kunne. Sabulun da na sayo shekaranjiya har ya ƙare, ci kuke yi? Mu a zamaninmu da ƙwaya uku ta maggi ake miyar gida guda. Zai ba da kuɗin cefane da hannun dama, ya bi su da wa'azin minti arba'in, har mai karɓa ta ji da ma rance ta ci a waje.

Ɓaɓatu shi ne mitar da ta samu lasifika amma ta rasa adireshi. Mai yin sa yana tafe a hanya yana faɗa da mutumin da ya rabu da shi tun a Kiyako. In ya samu adireshi amma ana tsoron rubuta shi, sai ya koma habaici. A gidan kishiyoyi kaza ce take shan wahalar wannan. "Ke dai kaza an yi butulu, ki ci ki goge baki! Kullum kina gindin murhun mutane, ba ki iya komai ba sai baza ƙafa!" Kaza na tsattsagar dusa ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Daga ɗaya ɗakin sai a ji an amsa wa tunkiya.

Matasa nasu maƙogwaron sun kai shi gidan kallon ƙwallo. Daren da Real Madrid ta haɗu da Barcelona, tsohuwar da ba ta san ƙwallo zagaye take ko murabba'i ba tana sanin an ci, don sowar sai ta tashe ta. A nan za ka ga mai ba alƙalin wasa umarni daga benci a Gwaram, yana nuna allon da yatsa: "Fanareti ne! Makaho! An saye ka!" Da mai cewa "mun sayi ɗan wasa", "mun kori koci", da bakin wanda aka yi shawarar da shi, alhali kuɗin shiga ma bashi ya ci. Ƙannensu kuma suna da ihu guda da suka gada ba su san asalinsa ba: wuta na dawowa unguwa ta ɗauka, "Nepa!" Tun 2005 aka sauya wa hukumar suna, kafin a haifi ko ɗaya daga cikin masu ihun.

Wanda ya gane cewa maƙogwaro jari ne, bayan ɗan kamasho, shi ne sojan baka. Ƙasarmu ƙasar siyasa ce. Birnin Kudu ce ta ba Jigawa gwamnan farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu, a 1992, ta sake ba ta Sule Lamido na Bamaina daga 2007 zuwa 2015, don haka kowace inuwar dalbejiya a nan tana ɗaukar kanta majalisar dokoki. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka zo, musamman bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 da shirye-shirye irin su Kowane Gauta, sai 'yan inuwa suka samu makirufo. Sojan baka yana shiga da sallama, ya gaida ubangidansa da kirari, sannan ya juya kan abokin hamayya: "Mu a mazaɓarmu ba mu gani a ƙasa ba! A gaya masa, talakawa sun farka!" Bayan mako biyu waya ta yi ƙara a aljihu, alat ya shigo, sai ka ji murya ɗaya, kirari ɗaya, rantsuwa ɗaya, suna kawai aka sauya. Wanda ba a gani a ƙasa ba jiya, yau ayyukansa sun hana mutane wurin taka ƙafa. Ba na jin haushinsa kamar da. Ɗan kamasho ne shi ma, motar da ke kan layi yake yi wa lodi.

Ɗan boko yana raina duk waɗannan. Shi ba ya ihu, in ji shi. In gardama ta yi zafi sai ya daka maka tsawa da cewa, "Malam, ka daina yi mini shawutin!" Ba ya ƙorafi kuma, "komplen" yake yi, a Facebook, inda yake rubuta wa shugaban ƙasa buɗaɗɗiyar wasiƙa mutum huɗu su danna mata yatsa, biyu daga ciki ƙannensa.

Na ajiye babban gwani sai yanzu, don a kansa dariyata take gaurayuwa da wani abu. Mai ƙorafin teburin mai shayi. Da safe yana nan, da daddare yana nan, kofi ɗaya yake sha amma shi ke riƙe da zaman. Kuma Allah ya sani ba ƙarya yake yi ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 ta tsallake 1,000, komai ya bi ta. Ya san kuɗin buhun taki bara da bana. Ya san abin da dillali ya ci a kan riɗinsa. Ya san famfon da ya lalace, da ajin da iska ta yaye wa rufi tun damina biyu, da kwalbatin da aka ƙaddamar sau biyu ba a gina ko sau ɗaya ba. Yana jero su da hujja, yana dukan tebur har cokula na tsalle. "Wallahi da zan ga ciyaman ido da ido, da ya ji abin da uwarsa ba ta taɓa gaya masa ba!"

Allah mai amsa addu'a. Ran nan ana cikin haka sai ga mota mai baƙin gilashi ta tsaya, wani babba daga ƙaramar hukuma ya sauko zai yi wa mai shagon kusa gaisuwar rasuwa. Ya biyo ta teburin ya miƙa hannu, ya ce, "Jama'a, ya haƙuri? Akwai wata matsala?" Duk muka juya muka dubi gwaninmu. Ya riga ya zame daga benci, hula a hannu, gwiwa a ƙasa. "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara nasara. Ai babu komai sai godiya. Muna ganin aiki." Aka ajiye wa teburi kuɗin shayi. Mota ba ta gama juyawa ba ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa: "Kun ga irin abin da nake faɗa muku ko? Ko kunya ba su ji!"

Hausa ta yi mana wayo a nan, da ta sa kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu. Ƙara ita ce amon da ke cika kunne, ƙara kuma ita ce kukan da ake ɗauka a kai gaban mai iko. Ta farkon muna da ita har ta yi mana yawa. Ta biyun ce ba mu iya ba. Hanyoyin suna nan: mai unguwa, dagaci, hakimi, har fadar Dutse, ga kansila, ga ɗan majalisa, ga hukumar karɓar koke-koken jama'a da aka kafa tun 1975, zamanin Murtala, mai ofis a kowace jiha. Amma muryarmu ruwa ce, gangare take bi. Maigida ya daka wa uwargida, uwargida ta sauke a kan yaro, yaro ya jefi akuya. Sama kuwa sai "Allah ya ja zamani". Na san dalilan, ba kuma na raina su: wanda gonarsa ke hannun dagaci, ɗansa ke neman aikin wucin gadi a sakatariya, ba ya buɗe baki yadda ya ga dama. Amma famfon nan har yanzu a lalace yake, kuma kuɗin shayin da aka sha ana zagin masu gyaransa ya isa ya gyara shi.

Wani abin lura: Aliko Dangote a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi sakandare, ruwan garin nan ya sha, amma in ana hira da shi a talabijin sai ka ƙara murya kafin ka ji abin da yake cewa. Mu da muka rage a gari mun riƙe maƙogwaro, shi ya tafi da sauran.

Akwai waɗanda na yafe wa, har ina roƙon Allah ya ƙara musu ƙarfin huhu. Ladan. Maguɗiya, wadda in ta kama hanci ta rangaɗa guda ɗaya sai ka ji auren ya ɗauru a zuciyarka ko ba a gayyace ka ba. Yaran da ke kwana suna kuwwa a fadama don kada jan-baki ya cinye shinkafa. Akwai kuma wadda nake tsoro fiye da duk masu hargagin Jigawa a haɗe: tsohuwar da aka cuta, ba ta yi ihu ba, ba ta yi tsaki ba, ta ɗaga ido ta ce "Allah ya isa" da muryar da sai na kusa da ita ya ji, ta ɗauki sandarta ta tafi.

Yaron dai ya kai kalmominsa uku, malam ya ba shi uku bisa biyar, kakarsa ta yi mitar maki biyun nan har Juma'a. Da na karanta mata wannan rubutu, ta ce duk na faɗi gaskiya a kan maƙwabta, sai dai na manta mutum ɗaya, wanda ba ya iya faɗa a baki sai ya shige ɗaki ya cika takarda da ƙorafi.

Wanda duk ya ga hotonsa a nan, don Allah kada ya wahalar da kansa ya zo ƙofar gidana da hargagi. Bayan tasha nake. Daga asuba zuwa isha ba na jin kowa sai mai saura mutum ɗaya.